Sun karɓi takardata cikin kwana uku, in biya kuɗin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun mastas, wata mujallar bincike ta turo min imel wai aikina ya burge su, na tura musu takardata, kwana uku kacal suka ce an karɓa ba gyara ko ɗaya, in biya a buga. Anya kuwa?
Daga wata ɗaliba

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Don Allah ki dakata, kar ki tura ko sisi tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Mujallar ƙwarai sai edita ya nemo masana su karanta su yi ta tsefe aikin, abu ne na makonni ko watanni kuma da wuya ya dawo ba a ce gyara nan gyara can ba, to wa ya karanta naki a kwana uku? A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya mai suna John Bohannon ya haɗa takardar binciken bogi cike da kurakurai da gangan ya tura wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Kamfanin buga mujallu na OMICS kuwa a 2019 wata kotu a Amurka ta ci shi tarar sama da dala miliyan 50 kan yaudarar marubuta.

Neman kuɗin bugu shi kaɗai ba laifi ba ne, sananniyar mujallar PLOS ONE ma tana karɓa, amma tana bayyana shi tun kafin ki tura.

Abin da na fi so ki riƙe, kar ki yarda da abin da suka rubuta game da kansu. In sun ce suna cikin Scopus ko Web of Science ko DOAJ, wato rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, je can da kanki ki sa sunan mujallar da lambar shaidarta ta ISSN, ki kuma duba ko adireshin shafin ɗaya ne, don wasu sunan mujallar gaske suke sata su buɗe shafi mai kama da nata. Ma'aunin tasiri (Impact Factor, wato lambar da ke nuna yadda ake yawan ambaton ayyukan mujalla) na asali kamfanin Clarivate ke fitar da shi, wanda wani kamfani da ba a sani ba ya ba su ki watsar. Sannan ki ɗauki sunan farfesa ɗaya cikin editocin ki duba shafinsa na jami'a, sau tari bai ma san an sa shi ba.

Yanzu ki rubuta musu cewa kin janye, kar ki sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka, ki adana duk imel ɗin ki nuna wa sufabaizanki. Kar ki tura wa wata mujalla sai kin tabbatar ba su ɗora a shafinsu ba, don in ta riga ta fito mujallar kirki za ta ce an taɓa bugawa.