Amsa kan gwajin magani ba tare da ɓeraye ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗalibi a Birnin Kebbi zai iya gwada ingancin wani ganyen gargajiya ba tare da ya yi amfani da ɓeraye ba. Zai iya, a matakai da dama, kuma ina ganin hakan ya fi dacewa. Hantar ɓera ba ta sarrafa magani yadda ta ɗan Adam take yi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na magungunan da suka yi nasara a gwajin dabbobi kan faɗi idan aka zo gwada su a jikin mutane.

Yanzu ana rainon ƙwayoyin halittar hanta ko huhun mutum a ɗakin bincike, har ana shimfiɗa su cikin wata 'yar na'ura mai siraran hanyoyin ruwa da ke kwaikwayon aikin gaɓar, irin huhun da masana suka ƙera a Jami'ar Harvard a 2010. A watan Disambar 2022 kuma dokar Amurka ta daina wajabta gwajin dabbobi kafin a gwada sabon magani a jikin mutane.

Babbar matsalarmu a nan ita ce wutar lantarki, domin dole ne ƙwayoyin su zauna a ɗumin digiri 37 dare da rana. Shawarata ita ce ka fara da gwajin kwaikwayo a kwamfuta, sannan ka roƙi malaminka ya haɗa ka da ɗakin binciken da ke da sola.