Yadda ake fitar da bayanin rahotannin SSRS ba tare da rubutawa da hannu ba

Malam, ka tambaya ko za ka iya samun bayanin kowane rahoto da ke cikin SSRS (SQL Server Reporting Services, manhajar Microsoft ta haɗa rahotanni), wato teburan da yake karantawa da umarnin da yake aika wa rumbun bayanai, ba tare da ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba. Ana iya yin haka, domin kowane rahoto fayil ne na RDL, kuma RDL rubutun XML ne da manhaja ke iya karantawa.

Shawarata ita ce ka sauko da fayilolin da PowerShell, manhajar Microsoft ta rubuta umarni, ta umarnin Out-RsFolderContent na kunshin umarnin SSRS mai suna ReportingServicesTools, sannan ka rubuta gajeren shiri da zai zaro sunan kowane DataSet (rukunin bayanan da rahoto ke ɗaukowa), da umarnin SQL da ke cikin sashen CommandText, da ReportParameters (zaɓuɓɓukan da ake cike wa rahoto), ya tsara su a takarda guda duk dare. Wasu sukan karanta teburin Catalog na rumbun bayanan SSRS kai tsaye, inda rahotanni ke ɗauke da lamba 2 a filin Type, amma Microsoft ba ta lamunce wa wannan hanya ba, don haka ban so ka dogara da ita.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne alamar xmlns da ke saman fayil, wadda ke nuna tsarin RDL da aka bi, domin ta bambanta tsakanin tsarin 2008 da 2010 da 2016, kuma idan shirinka bai yi la'akari da hakan ba, zai dawo maka babu komai ba tare da ya nuna kuskure ba. Haka kuma, idan rahoto yana kiran ajiyayyen tsarin umarni (stored procedure, wato umarnin SQL da aka ajiye a cikin rumbun bayanai), sunansa kawai za ka gani a CommandText, sai ka nemi teburansa ta sys.sql_expression_dependencies, jerin da ke cikin rumbun bayanan mai nuna abin da kowane ajiyayyen umarni ya dogara da shi. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiri rahoton kuwa, sai wanda ya gina shi ya rubuta a filin Description.