Baƙin makamashi da haɗuwar gungun taurari

Ka tambaya ko baƙin makamashi (wani makamashi da ba a gani wanda ya cika sararin samaniya) mai sauyawa da zamani yana shafar haɗuwar gungun taurari. E, rage saurin haɗuwar yake yi. Ƙarfin janyowa na tattara abubuwa wuri guda, baƙin makamashi kuwa yana hanzarta faɗaɗar sararin samaniya, sai tattarawar ta yi sanyi. In a da ya fi yanzu yawa, da wuri ya taka birki ke nan, manyan gungu su yi ƙaranci yau.

Sai dai, ɗan'uwa, nauyin niyutirino (wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗan ƙaramin nauyi) ma yana rage haɗuwar nan, don haka ƙidayar gungu kaɗai ba ta raba gardama kan wanne ne sanadi. Sai an haɗa da awon nisa irin na DESI (na'urar da ke auna nisan gungun taurari), wanda a 2025 ya nuna alamar makamashin na raguwa, kodayake alama ce tukuna.