Dutsen Kawar da ayarin gishirin Balma

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa fataken da suke ratsa Sahara ba sa kauce wa dutsen Kawar, a arewa maso gabashin Nijar. Ruwa ne.

Dutsen ya miƙe daga arewa zuwa kudu, wajen kilomita 150, kamar ganuwa. Iskar da ke kwaso yashi daga gabas take zuwa, sai ya tare ta. A gindinsa ta yamma kuwa ruwa na kusa, ba ka yi nisa da haƙa ba za ka tarar da shi. Shi ya sa garuruwan suka jeru a nan: Segedin, Anai, Dirku, har Balma, Barebari da Tubawa suna noman dabino. Wanda ya taso daga Fezzan, a kudancin Libiya, za shi Borno, wannan layin zai bi. Ta nan Turawa masu yawon bincike, su Clapperton, suka bi a 1823, wani mai suna Barth ma ta nan ya koma gida a 1855.

A da mutanen Anai har mafaka suka yi a bisa dutse, in mahara sun taso sai su haye da abincinsu.

Mu dai ta gishiri muka san wurin. A Kalala, daf da Balma, ake barin ruwan gishiri a ramuka rana ta ƙafar da shi, a zuba a mazubi ya fito kantu. Buzaye su kawo gero daga Agadas ta garin Fashi, su ɗora wa raƙuma kantu da dabino, har kasuwannin ƙasar Hausa. Kantun na dabbobi ne, beza, wato farin gishirin wurin, ake sa wa miya.