Paco de Lucía ɗan Romani ne? A'a, Sabicas kake nema

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Paco de Lucía, shahararren mai kaɗa jita na Sifaniya, ɗan ƙabilar Romani ne (al'ummar da ake kira Gitano a can). Ba ɗan Romani ba ne, duk da cikinsu ya tashi a garin Algeciras na kudancin Sifaniya. Gwanin jitar flamenko (salon kiɗa da rawa na kudancin Sifaniya) ɗan Romani da ya kamata ka saurara shi ne Sabicas, wato Agustín Castellón Campos, haifaffen garin Pamplona na arewacin Sifaniya a 1912.

Da yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke a 1936 ya bar ƙasar, ya zaga Kudancin Amurka tare da mai rawa Carmen Amaya, ya zauna Meziko, daga baya ya tare a New York har rasuwarsa a 1990.

A da, mai jita ɗan rakiya ne kawai, yana bayan mawaƙi da mai rawa. Ramón Montoya, wani mai jita da ya gabace shi, ya fara fito da jitar gaba, Sabicas ya kai ta manyan dandamalin duniya ita kaɗai. Saurin yatsunsa ba ya cinye tsabtar sautin, kuma a ganina nan ya fi kowa.

Paco yana matashi ya sami Sabicas a New York, a lokacin Paco yana kwaikwayon wani gwanin jita mai suna Niño Ricardo. Sabicas ya ce masa ya daina, ya tsara kiɗansa da kansa.