Arne da Gwaranci: A Goge Su Daga Littattafan Makaranta?

Wata malamar Hausa da ke koyarwa a sakandare a Gombe ta aiko da tambaya: "Malam, a tsofaffin labarai da waƙoƙi muna cin karo da arne da gwaranci, ga shi ajina akwai 'ya'yan Tangale da Waja da Fulani. Mene ne asalin kalmomin? In riƙa tsallake su ne? Na ji Turawa ma sun fara goge irinsu."

Malama, sannu da ƙoƙari. Arne, jam'insa arna, a Hausar yamma azne da azna, asali mai bin addinin gargajiya ake nufi. Amma bakin mutane ya mayar da shi zagi, har ana jefa wa Kirista, wanda ko a ma'anar farko bai shiga ciki ba.

Gwaranci ta fi ba ni tausayi. Gwari ne aka liƙa wa ɗafin da ke ba mu Turanci da Larabci, wato harshen Gwari ke nan. Sai muka ɗauki sunan harshen al'umma guda muka mai da shi sunan karyayyar magana. Su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kamar yadda Sayawan Bogoro da Tafawa Ɓalewa ke kiran kansu Zaar. Mu ma mun ɗanɗana: kaɗo daga Fulatanci ta zo, jam'inta haɓe, kuma a nan ƙasar Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, kowa ya san yadda takan yi zafi in an faɗe ta da raini.

Maganar Turawa gaskiya ce. A 2011 wani farfesa a Amurka, Alan Gribben, ya sake fitar da Huckleberry Finn na Mark Twain, littafin da ya fito a can a 1885, ya cire kalmar zagin baƙar fata da ta zo sau 219, ya sa "bawa" a gurbinta. Niyyarsa kada makarantu su yi watsi da littafin. Sai dai a labarin akwai inda uban Huckleberry, yaron da labarin ke kansa, ke zagin wani baƙar fata ɗa, ba bawa ba, mai ilimi, daga jihar Ohio. In ka sa "bawa" a nan, ma'ana ta rushe. Shi zagin, launin fata yake bi, ba sarƙa ba, kuma abin da marubucin ke tonawa ke nan.

Shi ya sa ban yarda a goge ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce: in an zare ta daga jinka ba ta komawa. An riga an faɗa, an ji ciwo, kuma yaron da aka ba shi littafi wankakke zai tashi yana zaton kakanninsa ba su taɓa raina kowa ba.

Amma bari a takarda daban, furtawa a aji daban. Kada ki sa ɗalibi ya karanta wurin da ƙarfi 'yan aji na waiwayar ɗan'uwansu. Ke za ki riga su, kafin a buɗe shafin: ki faɗi asalin kalmar, da wanda ake jifa da ita, da sunan da mutanen ke kiran kansu, ki rubuta Gbagyi da Zaar a allo. In ajin ƙananan yara ne, ki ajiye labarin sai sun kai babbar sakandare.