Amsar Kawu kan maganar riƙon sashen gaggawa

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, kuma na gane abin da ke damunka. Ka ce shugaban asibitin koyarwarku ya kira ka ya ce yana so ka riƙe sashen gaggawa, kai kuma ba ka daɗe da zama kwansoltan, wato likitan da ya gama karatun ƙwarewa, ba, a sashen akwai likitocin da suka koya maka ɗinki da sa layin ƙarin ruwa, ga metron, shugabar nas-nas, wadda a haife ta haife ka, shine kake tambaya ko a al'adarmu ya dace yaro ya shugabanci malaminsa, ko kuwa ladabi shine ka ce a ba wani babba. Toh ni dai amsata a taƙaice ka karɓa. Amma akwai yadda ake karɓa, kuma nan ne al'adar take.

Bahaushe bai taɓa cewa shugabanci sai wanda ya fi kowa furfura ba. In an tsaya sallah wanda ya fi karatu shi ake turawa gaba ko da kakansa na cikin sahu, kuma ba wanda ya ce kakan ya ƙasƙanta. Marigayi Ado Bayero yana da shekara 33 aka naɗa shi sarkin Kano a 1963, ga manyan hakimai da suka girme shi nesa ba kusa ba, suka zo suka faɗi suka yi gaisuwa. A namu fagen ma ga Farfesa Ishaya Audu, likitan yara ne, bai cika shekara 40 ba ya zama shugaban jami'ar Ahmadu Bello a 1966 kuma ya riƙe ta har 1975. Abin da al'ada ta ƙi shine rawar jiki wajen neman kujera, da tsallake manya, da barin malaminka ya ji labarin naɗinka a bakin masinja ko a gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata. Wannan kam in ka yi shi ba za su ce maka komai ba, za su yi maka murmushi su ce Allah ya taya riƙo, amma sai ka shekara biyu kana tura mota a cikin yashi.

Saboda haka kafin takarda ta fito ka taka da ƙafarka. Ba ofis ba fa, gida, bayan la'asar ko bayan isha'i, ka cire farar rigar nan ka sa kaftani da hula, ka zauna ƙasa in ya nuna maka kujera ka ce nan ma ya isa, a gaisa a tambayi iyali, sannan ka ce ranka ya daɗe an ɗora min wani kaya ne na ce ba zan amsa ba sai na zo na ji ta bakinka. Kar ka ɗauki komai a hannu kar abin ya zama kamar toshiya. In ya ce ai da ni aka yi shawara, alhamdulillahi. In kuma ka ga fuskarsa ta canja, wataƙila shi ma ya sa rai, toh kar ka yi ta bayani kana kare kanka, ka yi shiru ka saurara, ka roƙe shi ya riƙa ja maka kunne, ka tashi. Ya riga ya san ka zo, kuma gobe a mitin ba zai iya yaƙarka a fili ba don kowa zai ji cewa yaron nan har gida ya same shi. Metron ma haka, ita ma ka same ta, kai ita ce ma gaba da wasu likitocin, don ita ta san wace nas ce ke iya samun jijiya a hannun jariri cikin duhu, ita ta san inda makullin oksijin yake ƙarfe ukun dare.

Wani abin da nake so ka gane, wannan fannin naku na likitancin gaggawa ba shi da tsofaffi a ƙasar nan, don haka ba gadon wani ka ƙwace ba. A zamaninmu ɗakin haɗari ne kawai, wanda ya gama bautar ƙasa bai samu gurbin karatun ƙwarewa ba shi ake ajiyewa a can, ya duba ya rubuta a kira masu tiyata ko masu ƙashi ko masu ciki, sai a ɗauko likitan ƙashi ɗaya a ce shine shugaba alhali rabin ranarsa yana tiyata. Ni kaina haka na tarar haka na bari, kuma na ga mutanen da suka cika a kan benci suna jiran a gama gardamar ko na wane sashe ne, abin har yau yana cina. Ko a Amurka ai ba a daɗe ba. A 1968 likitocin gaggawa suka kafa ƙungiyarsu, a 1970 jami'ar Cincinnati ta fara horar da su, sai 1979 aka yarda fanni ne mai zaman kansa. Waɗanda suka fara riƙe sassan nan a jami'o'insu kuwa, manyan likitocin tiyata da na ciki sun raina su sosai kafin su samu kujera a majalisar tsangaya. Afirka ta Kudu a 2003 ta amince da fannin. Ghana kuwa sai da aka yi turmutsutsun filin ƙwallo na Accra a watan Mayun 2001 mutum 126 suka rasu, hankalin hukuma ya tashi, a 2009 aka fara horarwa a asibitin Komfo Anokye na Kumasi tare da jami'ar Michigan. Mu nan kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa sai a 'yan shekarun nan ta buɗe wa fannin ƙofa. Toh in ku da kuka karanta abin kun ce kunya ba za ta bari ku riƙe ba, wa zai riƙe?

Yanzu ga inda girmamawa ke tsayawa, kuma ina so ka ji wannan da kunnen basira. A gaisuwa, a wajen zama, a wajen wa zai fara magana a taro, a wajen biki da ta'aziyya, malaminka gaba yake har abada, ka tashi ka ba shi kujera ko kai ne ke jagorantar mitin ɗin. Amma a bakin gadon mara lafiya murya ɗaya ce, kuma taka ce. Ka tuna ranar 28 ga Nuwamban 2014 da aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, ko tankar man da ta kama da wuta a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, irin ranar da ake sauke mutane a bayan akori kura wani kan wani. A irin wannan rana in farfesa uku suka shigo kowa na ba da umarni, wannan ya ce a kai tiyata wancan ya ce a fara hoto, nas ta tsaya tana kallon fuskoki ba ta san wa za ta bi ba, a nan ake rasa waɗanda da sun rayu. Kai za ka tsaya a ƙofa kana rabawa da launi gwargwadon tsananin ciwo, ja nan, ruwan lemo nan, rawaya can, kore su jira a waje, kamar yadda tsarin tantancewa na Afirka ta Kudu ya koyar, kuma za ka ce wa wanda ya koya maka aiki ranka ya daɗe gado na huɗu ne naka, jini na zuba a ƙirji. Wallahi in likitan kirki ne daɗi zai ji, don shi ma so yake a nuna masa inda hannunsa zai yi amfani.

Wanda ya fi wannan wuya shine na kullum. Babban mutum zai shigo da surukarsa mai ciwon kai na sati guda, ga yaro a gefe yana jan numfashi da ƙyar leɓensa ya yi shuɗi, duk idanu su dawo kanka. Kar ka ɗaga murya kar kuma ka kauce. Ka je ka gaishe shi, ka sa a kawo wa Hajiya kujera a auna mata jini, ka ce a yi min afuwa minti kaɗan yaron can yana bakin rai, ka juya. Yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinka suna kallo, abin da ka yi ranar shi za su ɗauka ya zama ƙa'ida. Mu dangi ma muna ciki, ni da uwarka da kowa, za a kira ka a ce ga wane can ya zo a duba shi da wuri, ka amsa da ladabi amma layi na mai mutuwa ne.

Gyara wa babba kuma ba a yinsa a gaban ɗalibai. A mitin ɗin bitar mace-mace na wata-wata ka sa doka tun ranar farko cewa ba a kiran suna, ana cewa mara lafiya ya zo ƙarfe kaza, an gan shi ƙarfe kaza, jini ya iso ƙarfe kaza, ina aka samu tsaiko. In laifin na babba ne ka bi shi ofis ka rufe ƙofa ka kawo abin kamar tambaya. In na ƙaramin likita ne kai ka tare masa a waje, ka gyara shi a ciki. Na ga shugabannin da ke wanke kansu da yaransu a gaban hukumar asibiti, ba wanda ya gama lafiya da mutanensa.

Sai maganar jami'a, don kar ka manta hula biyu ce a kanka, asibiti na biyanka a matsayin kwansoltan, jami'a kuma na lissafinka a matsayin lakcara. Daga lakcara zuwa babban lakcara zuwa mataimakin farfesa zuwa farfesa, kwamitin ƙarin girma ba ya tambayar mutum nawa ka ceto da daddare, takardun bincike yake ƙirgawa da ɗaliban da ka duba wa aiki. Wannan ne ramin da likitocin gaggawa ke faɗawa a ko'ina, kol, wato aikin jiran kira dare da rana, ya cinye su, rosta da rigimar janareta da oksijin su cinye sauran, abokan karatunsu na sassa masu sanyi su zama farfesa su bar su a baya, kuma in ba farfesa a fanninku ba mai yi muku magana a majalisar jami'a ranar rabon gurabe da kuɗi. Alhali kuwa bincike na nan zube a ƙofarku. Rajistar nan da ake rubutawa da biro ka sa a mayar da ita kwamfuta, haɗarin babur da Adaidaita Sahu, saran maciji lokacin damina, ƙunar wuta lokacin sanyi, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, mata masu jijjiga, duk wanda ya tattara wannan da kyau na shekara biyu yana da abin rubutawa har ya gaji. Ka sa sunan yaranka a takardun, wanda ya yi wahalar shi ne a gaba. In babba bai taɓa aikin ba kar ka liƙa sunansa don neman fada, ka ba shi wani ɓangare ya duba da gaske sannan sunan ya halatta. Ka kuma bi sharuɗɗan jami'arku kan digirin digirgir tun yanzu, ka san rigimar da aka yi da hukumar jami'o'i a kan haka har kwansoltoci suka yi yajin aiki a 2020.

Kuma don Allah kar ka bar kol. Shugaban sashen gaggawa da ya koma mai zama a ofis da esi, wata shida ya isa hannunsa ya mutu yaransa su daina jin maganarsa. Ko sau ɗaya a sati ka kwana tare da su. Daga wannan kujera ake zuwa shugaban kwamitin likitoci, a je shugaban tsangaya, a je shugaban asibiti gaba ɗaya mai wa'adin shekara huɗu, ban hana ka sa rai ba, amma waɗancan ana nemansu ne da shaidar da mutane za su yi maka a nan.

Doka ma ka riƙe ta a aljihu don za ta kare ka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa ko da wane dalili, ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba a fara yi masa magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, daga baya a sanar da su. Ka buga su ka manna a bango inda mai karɓar kuɗi da mai gadi za su gani, don yawanci a wajensu ake mayar da mutane kafin ma likita ya san sun zo. Ka kuma nemi hukuma ta ware maka akwatin magani da kayan aiki na awannin farko wanda ba sai an biya ba, wannan shine abu na farko da zan roƙa in ni ne, tun suna marmarin ka amsa.

Kafin ka sa hannu ka ce a rubuta maka wa'adin a takarda, shekara biyu aka saba, da kuma ko sashen na tsaye da kansa ne ko har yanzu yana ƙarƙashin tiyata, don in ba a fayyace ba za ka ɗauki alhaki ba ka da ikon ɗaukar ko masinja. Ka yi istihara, ka faɗa wa mahaifiyarka da bakinka ta sa maka albarka, ka kuma zauna da maiɗakinka don ita za ta fi kowa jin nauyin wayar tsakar dare. Ka gaishe min da ita da yaran, in ka gama zagayen manyan naka ka kira ni in ji yadda kuka yi. Allah ya yi maka jagora.